Yadda ake feɗe babbar lamba: aiki a kan 1,234,567,890

Idan aka ba ka babbar lamba aka ce ka faɗi siffofinta da rukunonin da ta faɗa ciki, kada ka fara da bin jerin rukunonin kana gwada su ɗaya bayan ɗaya. Aiki guda ne ginshiƙi: ka farfasa lambar zuwa lambobin firam da suka haɗu suka samar da ita. Lambar firam ita ce wadda ta fi 1 kuma babu mai raba ta ba tare da saura ba sai 1 da ita kanta, irin su 2, 3, 5, 7, 11. Kowace lamba da ta wuce 1 hanya ɗaya tak ake rubuta ta a matsayin ninkin lambobin firam, hukuncin da Gauss, masanin lissafi ɗan Jamus, ya bayyana hujjarsa dalla-dalla a 1801. Da zarar wannan ya zo hannu, yawancin sauran amsoshin ninkawa ce ta ƴan mintuna.

Lambar da za a yi aiki da ita a nan ita ce 1,234,567,890, wato biliyan ɗaya da miliyan ɗari biyu da talatin da huɗu da dubu ɗari biyar da sittin da bakwai da ɗari takwas da casa'in. Tana da alƙaluma goma, saboda haka tana shiga kalkuleta ta ɗalibai daidai wa daida. Takarda, biro da kalkuleta sun isa.

Abin da ido ke gani kafin a taɓa kalkuleta

Dubi wutsiyar lambar. Ta ƙare da sifili, don haka cika ce ba mara ba, kuma 2 da 5 da 10 duk suna raba ta. Don sanin ko 4 na raba ta, alƙaluma biyun ƙarshe kawai za ka duba, domin 4 na raba 100 da duk ninkinsa. A nan 90 ne, 4 kuma ba ta raba 90, saura 2 take bari. Wannan ya nuna 2 sau ɗaya kacal ta shiga cikin lambar. Haka 25 ba ta raba 90, ke nan 5 ma sau ɗaya ce.

Sai ka tara alƙaluman: 1+2+3+4+5+6+7+8+9+0 = 45. Tunda 9 na raba 45, to 9 na raba lambar. Dalili kuwa, 10 da 100 da 1,000 duk saura 1 suke bari idan aka raba su da 9, don haka kowane alƙalami kansa kawai yake wakilta. A nan mutane kan zame, su ɗauka dabarar na aiki da 27. Ba ta aiki. Ta 27 daban ce: ka yanka lambar uku-uku daga dama, ka tara gungunan. 1 + 234 + 567 + 890 = 1,692; ka sake, 1 + 692 = 693. Raba 693 da 27, saura 18. Ke nan 3 sau biyu ta shiga, ba sau uku ba. Wannan 693 ɗin yana kuma ba ka hukuncin 37 kyauta, saboda 27 × 37 = 999. Saura 27 ya bari, 37 ba ta ciki.

Gungunan nan na uku-uku suna da wani amfanin. Tunda 7 × 11 × 13 = 1,001, idan ka tara su kana sauya tarawa da ɗebewa daga dama, lambar da ta fito tana barin saura iri ɗaya da babbar lambar a wajen 7 da 11 da 13. Ga shi: 890 − 567 + 234 − 1 = 556. Raba 556 da 7, saura 3. Da 11, saura 6. Da 13, saura 10. Firam uku sun fita da lissafi ɗaya. Ka tabbata daga dama ka fara yankan. Wanda ya yanka daga hagu zai samu 123, 456, 789, 0, kuma duk abin da ya biyo baya shirme ne.

Zuwa yanzu an samu 2 × 3 × 3 × 5 = 90. Raba lambar da 90:

1,234,567,890 ÷ 90 = 13,717,421

Ƙashin wuyan aikin

Tambayar yanzu ita ce, 13,717,421 firam ce ko tana fasuwa? Hanyar da aka saba koyarwa ita ce ka riƙa raba ta da lambobin firam a jere: 17, 19, 23, 29, haka dai. Kafin ka fara, ka san inda za ka tsaya. Idan lamba tana fasuwa gida biyu, dole ɗaya daga cikin biyun kada ya wuce tushen murabba'inta, wato lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da ita, domin in duka biyun sun wuce shi, ninkinsu zai zarce lambar. Tushen 13,717,421 kuwa 3,703 ne da ɗoriya. Lambobin firam da ke ƙasa da wannan iyaka sun haura ɗari biyar, kuma a wannan misalin sai ka kai ta 504 a jeri kafin ka dace. Da kalkuleta wannan yini guda ne, ga gajiya da ke sa hannu ya tsallake lamba ba a sani ba. Galibi mutum kan kai wajen 200 ko 300 ya ce ai firam ce. Kuskuren da ya fi yawa ke nan a irin wannan aiki, kuma yana lalata duk lissafin da za a ɗora a kai.

Kafin ka shiga wannan wahalar, gwada dabarar Fermat, masanin lissafin nan na Faransa na ƙarni na 17. Tana tsaye a kan abin da kowane ɗalibin sakandare ya sani: a² − b² = (a − b)(a + b). Idan ka iya rubuta lambar a matsayin bambancin murabba'i biyu, ta fasu da kanta.

Ka ɗauki cikakkiyar lamba ta farko da ke sama da tushen, wato 3,704. Ninka ta da kanta: 13,719,616. Ɗebe 13,717,421, ya rage 2,195. Murabba'i ne? A'a, kuma ba ka buƙatar kalkuleta: murabba'i yana ƙarewa ne da 0, 1, 4, 5, 6 ko 9 kawai, kuma duk wanda ya ƙare da 5 to da 25 yake ƙarewa. Matsa gaba ɗaya. 3,705 × 3,705 = 13,727,025. Ɗebe, ya rage 9,604, shi kuwa 98 × 98 ne cif. Saboda haka:

13,717,421 = (3,705 − 98) × (3,705 + 98) = 3,607 × 3,803

Taki biyu maimakon rabawa ɗari biyar. Amma a san iyakar dabarar. Ta yi sauri ne saboda 3,607 da 3,803 suna kusa da juna, duka a gefen tushen. In da ɗayan ƙarami ne sosai ɗayan kuma ƙato, za ta fi rabawa a jere jan lokaci nesa ba kusa ba. Tsarin da ya fi dacewa shi ne ka gwada ƙananan firam zuwa wajen 100, ka yi wa dabarar Fermat taki goma ko ashirin, in ba ta faɗa ba ka koma kwamfuta. Wannan raunin ne ma ya sa masu haɗa mabuɗan ɓoye saƙonnin kwamfuta irin na tsarin RSA ba sa yarda firam biyun da suke ninkawa su kusanci juna.

Wani tarkon: kada ka ɗora dabarar a kan asalin lambar kafin ka cire 2. Duk lambar da ke barin saura 2 idan aka raba ta da 4 ba ta taɓa zama bambancin murabba'i biyu, kuma 1,234,567,890 irinta ce. Ko shekara za ka yi kana matsawa gaba, ba za ka samu murabba'i ba.

Aikin bai ƙare ba sai ka tabbatar 3,607 da 3,803 su kansu firam ne. Wannan mai sauƙi ne. 61 × 61 = 3,721 ya wuce 3,607, don haka firam goma sha bakwai daga 2 zuwa 59 kawai za a gwada, kuma ba wadda ta raba ta (7 ta bar 2, 13 ta bar 6, 17 ta bar 3, 59 ta bar 8). Ita kuwa 3,803 ta haura 3,721, dole a ƙara 61 cikin gwajin. Saura 21 take bari. Duka biyun firam ne.

Duba ninkin da gwajin tara kafin ka wuce. Alƙaluman 3,607 sun taru 16, wato 7; na 3,803 sun taru 14, wato 5; 7 × 5 = 35, wato 8. Na 13,717,421 sun taru 26, wato 8. Sun dace. Sai dai gwajin tara makaho ne ga musanyar wuri: in ka rubuta 13,717,412 ba zai gane ba. Ƙara gwajin 11 don toshe wannan kafar. 3,607 na barin 10, 3,803 na barin 8, 80 kuma na barin 3, daidai da abin da 13,717,421 ke bari.

Sakamakon ke nan:

1,234,567,890 = 2 × 3² × 5 × 3,607 × 3,803

Abin da ke fitowa daga farfasawar

Yawan masu raba ta. Ka duba sau nawa kowace firam ta fito, ka ƙara ɗaya, ka ninka: 2 × 3 × 2 × 2 × 2 = 48. Ƙarin ɗayan nan shi ne zaɓin barin wannan firam ɗin a waje gaba ɗaya, kuma shi ake yawan mantawa. In kana son jerinsu, rubuta masu raba 90 guda goma sha biyu (1, 2, 3, 5, 6, 9, 10, 15, 18, 30, 45, 90), ka ninka kowanne da 1, da 3,607, da 3,803, da 13,717,421. Za ka lura bayan 90 babu wani mai raba ta sai 3,607. Biyun da suka fi kusa da juna su ne 34,227 × 36,070.

Jimillar masu raba ta. Ba sai ka tara lambobi 48 ba. Ga kowace firam ka tara 1 da ita kanta, da murabba'inta in sau biyu ta fito, sannan ka ninka: (1 + 2) × (1 + 3 + 9) × (1 + 5) × 3,608 × 3,804. Ukun farko sun ba da 234, biyun ƙarshe 13,724,832, duka kuma 3,211,610,688. Cire lambar kanta, ya rage 1,977,042,798.

Da wannan ake raba lambobi gida uku, rabon da ya zo tun daga Nikomakus, masanin lissafi Bagirke, wajen shekara ta 100 miladiyya. In jimillar masu rabawa, ban da lambar kanta, ta yi daidai da lambar, kammalalliya ce, kamar 6, 28, 496 da 8,128. In ta gaza, mai giɓi ce. Duk firam a nan take. In ta wuce, mai rara ce. Tamu mai rara ce da fiye da miliyan ɗari bakwai da arba'in. Akwai gajeriyar hanya da ba ta buƙatar farfasawa ko kaɗan: duk lambar da 6 ke rabawa, rabinta da sulusinta da sudusinta sun haɗu sun ba da ita. Ga shi a zahiri, 617,283,945 + 411,522,630 + 205,761,315 = 1,234,567,890. Da ka ƙara 1, wanda shi ma mai raba ta ne, ta yi rara. Wannan lissafin ya kuma nuna ana iya zaɓo wasu daga masu raba ta su haɗu su ba da ita cif, abin da ba kowace mai rara ke yi ba. 70 ita ce ta farko da ta kasa.

Lambobin da ba su haɗa komai da ita ba. Wannan shi ne ƙidayar Euler, masanin lissafi ɗan Suwizalan: lambobi nawa ne daga 1 zuwa lambar waɗanda babu firam ɗin da suka yi tarayya da ita? Ga firam da ta fito sau ɗaya, cire mata 1. Ga 3² kuwa, 9 − 3 = 6, ba 9 − 1 ba; a nan ake faɗawa rami. 1 × 6 × 4 × 3,606 × 3,802 = 329,040,288, kimanin kashi 27 cikin ɗari.

Tunda 9 na raba ta, ba ta cikin lambobin da suka kuɓuta daga murabba'i, wato waɗanda babu murabba'in da ke raba su sai 1. Tana da masu rabawa mara guda 24, don haka ana iya rubuta ta a matsayin jimillar lambobi masu bin juna ta hanya 23, misali 411,522,629 + 411,522,630 + 411,522,631.

Murabba'ai

Ita kanta ba murabba'i ba ce: ta faɗa tsakanin 35,136² = 1,234,538,496 da 35,137² = 1,234,608,769. Da ma murabba'in da ya ƙare da sifili, sifilansa bibbiyu suke zuwa. Don gwada ko jimillar 1 + 2 + 3 har zuwa wani wuri ce, ninka ta da 8 ka ƙara 1, ka ga ko murabba'i ne. An samu 9,876,543,121, wanda ke tsakanin 99,380² da 99,381². Ba ita ba ce. Ba ta kuma cikin jerin Fibonacci, inda kowace lamba jimillar biyun da suka gabace ta ce, domin daga 1,134,903,170 sai 1,836,311,903.

Tambayar da ta fi daɗi ita ce ko jimillar murabba'i biyu ce. Ƙa'idar: duk firam da ke barin saura 3 in aka raba ta da 4, dole adadin fitowarta ya zama cika. 3 ta fito sau biyu, ba laifi. Amma 3,607 = 4 × 901 + 3, kuma sau ɗaya ta fito. Magana ta ƙare, ba za ta yiwu ba. Abin lura shi ne, 3,803 ma saura 3 take bari, kuma ninkin biyun, 13,717,421, saura 1 yake bari. Wanda ya ɗauka 13,717,421 firam ce zai yanke cewa ana iya rubuta lambar da murabba'i biyu, ya zauna yana neman abin da babu.

Da murabba'i uku kuwa tana yiwuwa. Hukuncin masanin lissafi Legendre ya ce lambar da kawai ke ƙi ita ce wadda, bayan an cire mata duk 4 da ke cikinta, take barin saura 7 in aka raba da 8. Alƙaluma ukun ƙarshe, 890, saura 2 suke bari. Don samo su, fara daga murabba'i mafi girma kana sauka, kana gwada ragowar da ƙa'idar murabba'i biyu. 35,136 ya bar 29,394, akwai 23 a ciki, bai yi ba. 35,135 ya bar 99,665, akwai 31. 35,134 ya bar 169,934, rabinsa na barin saura 3. 35,133 ya bar 240,201 = 9 × 13 × 2,053, wannan ya wuce gwaji. 13 = 2² + 3², 2,053 = 42² + 17², haɗinsu ya ba da 135² + 92², a ninka kowanne da 3:

1,234,567,890 = 35,133² + 405² + 276²

Murabba'i huɗu ba abin tambaya ba ne, masanin lissafi Lagrange ya tabbatar a 1770 cewa kowace lamba tana yi.

Siffofin da suka dogara da rubutu

Wasu rukunonin ba halin lambar ba ne, halin rubuta ta da alƙaluma goma ne, kuma bai kamata a ba su nauyi ɗaya da na sama ba. Lambar nan ta ƙunshi 0 zuwa 9 kowanne sau ɗaya. Irinta guda 3,265,920 ne, ƙaramarsu 1,023,456,789, kuma babu firam ko ɗaya a cikinsu tunda jimillar alƙalumansu kullum 45 ce. Jimillar nan ta 45 tana raba ta (27,434,842), abin da ya sa ta cikin rukunin da Kaprekar, malamin lissafi ɗan Indiya, ya sa wa suna Harshad.

Don mayar da ita tushe 16, wato rubutu da alƙaluma goma sha shida maimakon goma, riƙa rabawa da 16 kana ajiye saura: 2, 13, 2, 0, 6, 9, 9, 4. Karanta daga ƙarshe zuwa farko, 13 kuma D ake rubuta ta: 499602D2. Wanda ya karanta daga farko zai samu wata lamba daban. A tushe 2 tana da gurabe 31, goma sha biyu daga ciki 1 ne. A nan babu alamar jerin nan na 1 zuwa 9, amma masu raba ta suna nan 48.

Inda na'ura ke yaudara

A Linux, rubuta factor 1234567890 zai fito da firam ɗin nan take. Manhajar lissafi ta PARI/GP na da factor, sigma, numdiv da eulerphi; a Python akwai factorint cikin SymPy. Amma akwai ramuka.

Na farko, ambaliya. Gurbin lamba mai bit 32 mai ɗaukar alamar ɗebewa ba ya wuce 2,147,483,647, lambar da Euler ya tabbatar firam ce a 1772. Lambarmu ta shiga, amma jimillar masu raba ta ba ta shiga. A Java, in ka ajiye ninkin a irin wannan gurbi, 3,211,610,688 za ta juye ta koma −1,083,356,608 ba tare da wani gargaɗi ba, shirin kuma ya ce maka lambar mai giɓi ce. Yi amfani da gurbi mai bit 64. Iyakar bit 32 ɗin nan ce ke jiran agogon Unix, mai ƙirga daƙiƙu a kwamfuta tun farkon 1970, a ranar 19 ga Janairun 2038. Agogon ya buga daƙiƙa ta 1,234,567,890 ne a ranar 13 ga Fabrairun 2009 da ƙarfe 23:31:30 agogon GMT, lokacin a Najeriya da Nijar an riga an shiga ranar 14.

Na biyu, Excel alƙaluma 15 kawai yake riƙewa. Murabba'in lambar nan 1,524,157,875,019,052,100 ne, amma Excel zai mayar da wutsiyar sifilai. Kalkuleta mai gurbi goma ta fi haka muni. Don haka in kana gwada ko ƙatuwar lamba murabba'i ce, kada ka yarda da tushe mai ɗigo. A Python ɗauki math.isqrt, ka ninka amsar da kanta, ka kwatanta.

Na uku, gwajin firam na gaggawa. Idan n firam ce mara, 2 hawa n − 1 na barin saura 1 in aka raba da n. A Python pow(2, n-1, n) ke lissafa shi. In amsar ba 1 ba ce, tabbas lambar tana fasuwa, ko da ba ka san masu raba ta ba. In 1 ce, ba hujja ba ce tukuna. 341 = 11 × 31 tana tsallake gwajin, 561 = 3 × 11 × 17 kuwa tana tsallake shi da kowane tushe, wato lambar da aka sa a madadin 2, da bai haɗa firam da ita ba. Gwajin Miller da Rabin ya fi tsauri: da tushe 2, 3, 5 da 7 hukuncinsa tabbatacce ne ga duk lambar da ba ta kai 3,215,031,751 ba. Ita 3,215,031,751 ɗin tana fasuwa amma tana yaudarar tushen huɗu duka, don haka daga kanta zuwa sama sai an ƙara 11 da na gaba da shi.